Hutun da Saƙo Ya Cinye

A duk zaman da na yi a Riyad, sau ɗaya tak na taɓa shirya wa kaina wani abu don jin daɗi kawai, shi ne kuma aka lalata min.

Lokacin ina aiki a wani sito a Sana'iyya ta Biyu, can kudancin gari inda ba ka ganin komai sai masana'antu da tireloli. Motar ɗaga kaya nake tuƙawa daga safe har yamma. Kwana kuma a Al-Oud, ɗaki ɗaya da mutane, tagarmu tana kallon katangar maƙabarta. Daga sito sai bas, daga bas sai ɗaki.

Akwai wani ɗan Jizan da yake gadin ƙofar siton, mukan sha shayi tare in an tashi cin abinci. Shi ya fara nuna min hotunan Farasan a wayarsa. Tsibirai ne birjik a cikin Bahar Maliya, daura da garinsu, wasu da mutane, wasu ba kowa sai tsuntsaye. Ruwa garai-garai, kana hango yashin ƙasansa. Ya nuna min gidajen tsofaffin 'yan kasuwar lu'ulu'u da aka gina da dutsen teku, bangon duk zane kamar hannun da aka yi wa lalle, da wani tsohon sansanin sojan Turkawa a kan tudu. Ya ce babban jirgin ruwa ne zai kai ka babban tsibirin, daga nan sai ka ɗau kwale-kwale mai inji, ka sauka nan ka yi wanka, ka hau, ka sauka can, har ka gaji don kanka. Ni ɗan Kano ne. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne dam ɗin Tiga. Bahar Maliya kuwa ta sama na tsallake ta, a kujerar tsakiya, ko taga ban samu ba.

Wata da watanni ina bin mudir, shugaban sitonmu, a kan ya ba ni hutu. Kullum sai ya ce gobe. Da ƙyar ya ba ni 'yan kwanaki, ko mako ba su cika ba. Kuma a lokacin an fara rage ma'aikata, wanda duk iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ba a sabunta masa, sai dai ya haɗa kaya. Na san in ban je a wannan karon ba, da wuya in sake samun dama.

Ina da aboki, direba ne a wani gida a Al-Badi'a. Mutanen gidan sun yi tafiya ƙasar waje, maigidan ya bar masa ƙaramar mota ya ce ya je ya sha iska. Komai ya zo daidai. Na kama mana kujera a jirgin ruwa, zuwa da dawowa. Mai gadi ya haɗa ni da wani mai kwale-kwale ta waya, muka yi magana. Na sayi gajeren wando, wallahi har da baƙin tabarau.

Sai na je yi wa Kawu sallama.

Kawu ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne na jini. Maƙwabcinmu ne a Kano, shi ya nemo min biza, shi ya tarbe ni, shi ya sama min katifa a ɗakin da nake. Ba yadda za a yi in bar gari ban faɗa masa ba. Yana jin na ce Jizan ya ajiye kofin shayinsa ya ce alhamdulillahi, Allah ne ya kawo. Wai yana da ɗan'uwa a can, wani Alhaji, cikin Hausawan nan da kakanninsu suka taho hajji ta ƙasa, suka tsallako ruwa, suka yi zamansu a gaɓar. Ɗan saƙo ne kawai zan kai masa, ba nauyi. Na ce to. Me zan ce?

Ranar Juma'a ana sallamewa Kawu ya tsaya a ƙofar masallaci yana sanar da jama'a kamar mai shelar ɗaurin aure, wai yaronmu zai je Jizan, kuma da mota. Wannan "da mota" ɗin ita ta kashe ni.

Kafin la'asar ɗakinmu ya koma tasha. Ashe kowa a Al-Oud yana da wani a Jizan. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji a robar ruwa, kilishin da wani ya taho da shi daga gida, turamen atamfa, kan keken ɗinki, da wata kula mai nauyin tsiya da har yau ba a gaya min abin da ke cikinta ba. Ba mai ba ka lambar gida kuma, kwatance ne: in ka wuce masallaci mai koriyar ƙofa ka tambayi gidan mai waina, kowa ya san ta. Mutumin da bai taɓa amsa min gaisuwa da sakin fuska ba, ranar har da dafa min kafaɗa yana ce min ɗan albarka. Na ce wa wani dattijo mota ta cika, ya leƙa ta taga ya ce ai ga kan cinyarka nan ba komai. Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Jakata ƙarƙashin ƙafata ta ƙare.

Hanyar doguwa ce, wuni guda da ɗoriya. Bayan motar ya zauna daɓas, ba ta gudu, in mun zo hawa sai ta riƙa nishi. Daddawa ta sha rana ta cika motar, in ka kunna esi ka shaƙa, in ka sauke gilas zafi ya mare ka. A wani shinge jami'i ya buɗe but, ya ja numfashi sau ɗaya, ya rufe da sauri ya ce mu wuce. Duk da haka da muka gangaro daga duwatsun Abha iska ta canja, ta yi nauyi, ta yi ɗanɗanon gishiri, sai na ji raina ya yi sanyi. Na ce a raina mu sauke kayan mutane, mu kama jirgin yamma, shi kenan.

Ashe ban san saƙo ba. Ni a zatona miƙawa ake yi. Ba a miƙa saƙo a bakin ƙofa. Sai ka shiga, ka cire takalmi, ka zauna. A kawo ruwa, a kawo gahawa da dabino. A gaisa: ya hanya, ya Riyad, ya mai saƙon, ya iyalinsa, ya mutanen Kano, waɗanda ni kaina rabona da su an jima. Daga nan a kwance kayan a gabanka ɗaya bayan ɗaya don ka zama shaida. Sai ka kira wanda ya aiko a wayarka, ka miƙa musu, su ɓarke da hira, kai kana zaune kana kallon cajinka yana zubewa. Kana cewa za ka tashi a ce haba, ba ka ci komai ba. Kana gama ci a fito da nasu saƙon na mayarwa.

Muna cikin wani gida lokacin jirgin ya yi ya wuce. Na juya wa abokina fuskar waya ya ga lokaci, yana tsakiyar yagar kifi.

Ya ce, "Bature, ruwa ne fa. Ba inda za shi."

Na ce masa ruwa ba inda za shi, hutuna ne yake tafiya. Ya ce in miƙo masa yajin.

A gidan Alhaji muka kwana, ɗan'uwan Kawu. Tsoho ne mai kirki, wannan ba zan ɓoye ba. Hausarsa irin ta da ce, gauraye da Larabci, 'ya'yansa kuwa daga gaisuwa ba sa wucewa. Da ya buɗe ƙullin kuka sai da ya kai hanci, idonsa ya kawo ruwa. Na ji wani abu a raina. Amma ban taho daga Riyad don in kalli tsoho yana shinshina kuka ba.

Da safe na shirya tsaf don mu je tashar jirgi mu nemi wata kujerar. Alhaji ya ce sam, baƙon Kawu ba zai kwana ɗaya ya wuce ba, ya riga ya aika wa jama'a su zo su gaisa da mutanen gida. Ga kuma ragowar saƙo na wani ƙauye a bayan gari da ba mu kai ba. Na durƙusa na ce Baba a yi mana haƙuri, hutun gajere ne, kuma teku na zo gani. Ya yi dariya, ya juya ya ce wa 'ya'yansa da Larabci su kalli yaron da aka yi wa tarbiyya, ga kunya ga kara.

Nan matsalar take. A wajenmu baƙo ba ya cewa e. A ba ka abinci ka ce ka ƙoshi, a ce ka kwana ka ce kana sauri, mai gida kuma ya san aikinsa shi ne ya matsa har ka yarda. Kowa ya san wasan. To ni da gaske nake, amma a'a ɗina da a'ar mai kara kamarsu ɗaya. Duk sanda na ce ba zan iya ba sai a ƙara yaba min. Ina tafasa a ciki ana sa min albarka.

Haka wunin ya tafi. Mutane suna shigowa suna fita, wannan ya tambaye ni wata unguwa da kakansa ya baro, wancan ya tambaye ni ko har yanzu akwai wata rijiya a bayan kasuwa. Ni ina zan sani? A bayan tashar mota na girma. Teku tana ƙarshen titin gidan, ina jin iskarta in an buɗe ƙofa, ban sa ta a ido ba. Na fita waje na kira Kawu na ce masa hutuna yana ƙarewa a falon mutane. Ya ce in yi haƙuri, zumunci ibada ne. Sai ya tambaye ni ko an kai kular nan.

Saura mana wuni ɗaya cikakke muka samu kujera a jirgin safe. Muka bar mota a tasha. Alhaji ya rako mu har bakin ƙofar shiga, ya yi mana addu'a doguwa, sannan ya sa aka fito da wani kwali daga motarsa. Wai 'yarsa tana aure a tsibirin, a kai mata. Kada mu damu da kwatance, ya riga ya kira mijinta, zai tarbe mu.

Na kalli abokina. Ya kalli sama.

A cikin jirgin a rufe kake, ta gilas kake kallo, gilas ɗin ma gishiri ya dusar da shi. Amma na ga teku. Na gan ta ta ko'ina, ba gini, ba tirela, ba katanga. Na manta da kowa na ɗan lokaci. Na kira mai kwale-kwale na ce ga mu nan tafe. Ya ce maraba, amma mu zo kafin azahar, don da rana ta karkata iska take tashi, shi kuma ba ya fita da kowa a cikin iska. Ya maimaita min. Na ce na ji.

Surukin Alhaji yana tsaye a bakin tasha da a-kori-kura, wani ƙaton mutum mai fara'a, Hausarsa kaɗan ce. Na miƙa masa kwalin tun a nan na ce mun gode, mu za mu wuce bakin ruwa. Ya ce abin kunya ne, baƙin surukinsa su taka tsibiri ba su taka gidansa ba, me zai ce wa tsoho? Minti kaɗan kawai, mu sha gahawa. Abokina ya riga ya buɗe ƙofar mota.

Muna shiga gidan na ga fatar akuya a rataye, jini bai ma bushe ba. Mandi za a yi mana, naman nan da ake sakawa a rami a rufe, ba a buɗe shi sai ya nuna don kansa. Aka kai mu falo, aka kunna esi, aka ja labule. Ina kan tsibiri a tsakiyar Bahar Maliya, abin da nake kallo shi ne labule mai ruwan ƙasa da akwatin talabijin. Na ce masa akwai mai jirana. Ya ce bayan abinci shi da kansa zai zaga da ni ko'ina. Na ce maganar iska ce. Ya ce iska ta Allah ce, ya ƙara min gahawa. Mai kwale-kwale ya kira, na ce ina zuwa. Ya sake kira. Aka kira azahar, muka je masallaci muka dawo, rami bai buɗu ba. Na fara miƙewa, abokina ya riƙe min gefen riga ya ce a hankali, "Ka rufa mana asiri, mutumina. Akuya guda fa aka yanka."

Na zauna. Wayar ba ta sake ƙara ba.

Da aka shigo da tiren, mutum biyu ne suka ɗauko shi, shinkafa tana tururi, maƙwabta sun zagaye, mai gida ya naɗe hannun riga ya ce bismillah. Na tashi tsaye.

Na ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri. Ba zan ci ba. Ba kunya nake ji ba, ba kara nake yi ba. Ba na so ne."

Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da guntun Larabcina don kada a ce ba a gane ba. Na sa takalmina na fita.

Wani mai mota ya rage min hanya zuwa bakin ruwa. Tun daga nesa na ga tekun ba ita ce ta safe ba, ta yi duhu, kumfa fari yana tashi a kanta. Mai kwale-kwale ya riga ya ja abinsa ya ɗaure, yana zaune a inuwa. Na roƙe shi, ko tsibiri ɗaya ne, mafi kusa. Ya nuna min ruwan da haɓa ya ce ai ya gaya min, in dawo gobe da safe. Gobe da safe jirgin komawa, jibi ina kan motar ɗaga kaya. Shi ban ji haushinsa ba, shi kaɗai ne a tafiyar nan ya faɗi magana ta zama yadda ya faɗa.

Ga tsibiran can ina hango su, ƙanana, fari-fari, kamar ka miƙa hannu. Gajeren wandon yana cikin jaka a gidan da na baro. Da jallabiyar jikina na shiga ruwan har ƙugu, igiya tana duka na, na tsaya ina zage-zage ni kaɗai. Na zagi kuka, na zagi daddawa, na zagi kan keken ɗinki. Na zagi bakina da ya je sallama.

Da na fito na bi titi a jiƙe ina tambaya har na kai ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen nan. Rana ta kusa faɗuwa, an rufe ƙofar. Ta wata 'yar kafa na leƙa na ga gefen bango da zanensa, shi kenan. Sansanin Turkawa ko hanyarsa ban gani ba.

A nan surukin Alhaji ya same ni. Abokina yana gaban a-kori-kurar, ya ƙi kallona. Mutumin ya sauko da abinci a nannaɗe, rabona ne ya ajiye min. Bai yi faɗa ba, bai ɓata fuska ba. Da ma ya zage ni, da na samu inda zan sauke abin da ke cikina. Ya dube ni da tausayi na gaske, ya ce da ya san abin ya dame ni haka, da tun a tasha ya kai ni bakin ruwa.

Ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Tun daga Riyad nake faɗa.

Muka kama hanyar komawa Riyad. Motar ta sake cika, wannan karon da busasshen kifi. Kuma labari ya riga mu isa. Kafin in sauke jaka an ce Kawu yana nemana.

Na same shi a zaune a ƙofar ɗakinsa da mutane. Bai amsa gaisuwata duka ba. Ya ce an ce na tashi daga kan tire a gidan surukin ɗan'uwansa, a gaban maƙwabta, na zubar masa da mutuncin da ya daɗe yana tarawa. Na ce Kawu ku yi haƙuri, amma hutuna ne, ni na roƙe shi, kuma an cinye min shi tas. Ya dube ni kamar na yi wani yare.

Ya ce, "Wai me ke cikin tsibirin nan ne? Kana da wani ɗan'uwa a can?"

Na ce, "Babu, Kawu. Shi ya sa nake son zuwa."

Wani a gefe ya yi salati. Kawu ya ɗau kofinsa ya ce in je, ya ji.

Daga ranar nan sallama kawai take haɗa mu. Maganar ta kai Kano, mahaifiyata ta kira ta ce in je in ba shi haƙuri, mutumin da ya yi min hanya. Don ita na je na durƙusa na ce a yafe min tashin da na yi daga kan abinci. Ya ce ya yafe. Na jira ko shi ma zai ce wani abu a kan kwanakina, ko da "ayya" ce. Bai ce ba. A wajensa ba abin da aka ɗaukar min, an ma ba ni lada ne.

Na sake neman hutu, mudir ya ce ba yanzu na dawo ba? Shekara ba ta zagayo ba iƙamata ta ƙare, ba a sabunta ba, aka buga min fita ta ƙarshe. Na dawo Kano na kama wata sana'ar.

Bayan an kwana biyu abokina ya turo min bidiyo. Mutanen gidan da yake wa aiki sun je Farasan hutu, shi ya tuƙa su, har kwale-kwale suka sa shi. A hoton farko ina ganin bakin jirgi da ruwa garai-garai, da rabin fuskarsa yana dariya. Ya rubuta a ƙasa wai da ma ina nan. Ban buɗe bidiyon ba, kuma ban ba shi amsa ba.